Na'urar Da Ba Ta Tambayar Wa Ya Aiko Ka

 A wannan wata za mu tattauna ne a kan wani al'amari da ba a cika jin sa a majalisa ko a kasuwa ba, alhali kuwa ya shafi ruwan da muke sha da wutar lantarkin da muke kunnawa. Al'amarin shi ne tsaron na'urorin da ke sarrafa manyan ma'aikatu, musamman waɗanda a yanzu suke aika saƙonninsu ta iska ba tare da an ja waya ba.

A da can, idan aka ce gidan ruwa ko gidan wuta, ma'aikaci ne zai ɗauki tocila da littafi ya zagaya, ya duba kowane ma'auni, ya rubuta abin da ya gani, in da bukata ya murɗa bawul da hannunsa. Yau kuwa mutum biyu ko uku ne za ka tarar zaune a ɗaki guda gaban kwamfuta, suna kallon tashoshin da ke nesa da su da kilomita masu yawa, suna kunna inji suna kashe shi da danna maɓalli. Wannan ci gaba ne babu shakka. Amma ya zo da wata tambaya wadda duk wanda ya taɓa aiken yaro zai gane ta: idan saƙo ya iso wa inji ta iska ya ce masa "tsaya", ta yaya injin zai san wanda ya aiko shi?

Yadda abin yake aiki

Kafin mu shiga labari, bari mu fayyace tsarin a taƙaice. A jikin bututu ko tanki ko inji ana maƙala wasu ƙananan ma'aunai, wasunsu ba su fi gwangwanin madara girma ba. Wani yana auna zafi, wani ƙarfin matsin ruwa ko gas, wani kuma yana duba inda ruwa ya kai a cikin tanki. Waɗannan su ne idanu da kunnuwan ma'aikata. Abin da suka auna yana tafiya wurin wata ƙaramar kwamfuta mai ba injina umarni, daga nan ya wuce ɗakin kula, inda ma'aikaci ke gani a allo. Injiniyoyi suna kiran wannan tsari baki ɗaya da suna SCADA.

Jan waya zuwa kowane ma'auni yana cin kuɗi ƙwarai, domin sai an haƙa rami an binne ta, ga ɓarayi, ga ruwan sama da tsatsa. Saboda haka sai aka ƙera ma'aunai masu ɗauke da batir da ƙaramin rediyo, waɗanda kan yi shekaru kafin a sauya musu batir. Da yake muryar kowannensu ba ta zuwa nesa, sai wannan ya miƙa wa na kusa da shi saƙo, shi kuma ya miƙa wa na gaba, kamar yadda leburori kan yi layi suna miƙa kwanon kankare a wurin gini, har saƙon ya isa wata na'ura da za mu iya kira zauren gidan, wadda ke shigar da shi cikin kwamfutocin ma'aikatar.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lokacin da ake amfani da waya, duk mai son ya taɓa inji sai ya tsallaka katanga, ya wuce mai gadi, ya isa inda wayar take. Saƙon iska kuwa ba ruwansa da katanga. Yana fita har bakin titi, kuma wanda ke bakin titi ma yana iya aiko da nasa ciki. Daɗin daɗawa, yawancin harsunan da injinan nan suke magana da su an tsara su ne tun zamanin da ba a tunanin wani baƙo zai sa baki. Alal misali akwai wanda ake kira Modbus, wanda kamfanin Modicon ya fito da shi a 1979, kuma har gobe ana amfani da shi a ma'aikatu da yawa. A ainihin tsarinsa babu wurin tambayar wa ya aiko ka. Duk saƙon da ya zo da lambar da ta dace, inji zai bi shi.

Abin da ya faru a Maroochy

Maroochy wani yanki ne a bakin teku a jihar Kuwinslan ta ƙasar Ostareliya, kimanin kilomita 100 arewa da birnin Birisben, wuri ne da masu yawon shaƙatawa ke so. A wancan lokaci ƙaramar hukumar yankin tana da tashoshi 142 na injinan da ke tura ruwan ƙazanta zuwa inda ake tace shi, kuma dukkansu ta rediyo suke magana da ɗakin kula. Wani kamfani mai suna Hunter Watertech ne ya kafa tsarin, kuma cikin ma'aikatan da suka yi aikin akwai wani mutum mai suna Vitek Boden.

A ƙarshen 1999 Boden ya bar kamfanin ba cikin daɗin rai ba, ya nemi aiki a ƙaramar hukumar, ba a ɗauke shi ba. Ba a jima ba, a farkon shekarar 2000, sai abubuwan mamaki suka fara aukuwa. Injinan da ya kamata su tashi sai su ƙi tashi. Ƙararrawar da ya kamata ta sanar da ɗakin kula cewa rami ya cika sai ta yi shiru. Wani lokaci magana ta yanke gaba ɗaya tsakanin tashoshi da babbar kwamfuta. Da farko ma'aikata sun ɗauka matsalar sabon aiki ce, suka yi ta gyara, suna gyarawa abin yana dawowa.

Daga baya wani injiniya da aka sa ya bi diddigin saƙonnin ya lura cewa umarnin da ke rikita injina yana fitowa ne da sunan tasha mai lamba 14. Aka je aka duba tashar, aka tarar lafiyarta lau. Sai aka yi dabara, aka sauya wa tashar lamba, ta yadda duk saƙon da ya sake zuwa da lamba 14 an san na bogi ne. Saƙonnin kuwa suka ci gaba da zuwa. Nan aka tabbatar cewa wani ne daga waje yake shigar burtu, yana magana da yawun tashar da ba shi ba ne.

Tsakanin watan Fabrairu da na Afrilu na 2000 an ƙidaya kutse har sau 46. Sakamakonsa kuwa kimanin lita 800,000 na ɗanyen ruwan masai ya malala cikin wuraren shaƙatawa da rafuka, har da harabar wani babban otal. Don mu fahimci yawansa, mu ɗauki jarkar nan mai ruwan ɗorawa mai cin lita 25 da muke ɗiban ruwa da ita: sai an cika 32,000 kafin a kai wannan adadi. Ruwan rafi ya yi baƙi, halittun cikinsa suka mutu, wari ya addabi mazauna wurin.

Ranar 23 ga Afrilu, 2000, 'yan sanda suka tare motar Boden, wanda dama an riga an sa masa ido. A cikin motar aka sami kwamfutar tafi-da-gidanka, da rediyon oba-oba, da irin ƙaramar kwamfutar nan da ake sa wa a tashoshin. Watau mutumin ya mai da motarsa tasha ta 143, yana tsayawa a gefen hanya yana ba injina umarni, su kuma suna bi. A watan Oktoba na 2001 kotu ta yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 2.

Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari. Boden ya san tsarin ciki da waje domin da hannunsa aka kafa shi. Amma kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin ba shi da hanyar bambanta muryar mai gida da ta baƙo, ba a kuma tanadi abin da za a yi ba idan ma'aikacin da ya san sirri ya tafi da fushi. An shafe makonni ana zargin inji, alhali mutum ne.

Ba su kaɗai ba ne

Kada mai karatu ya ce ai wannan tsohon labari ne. A daren 7 ga Afrilu, 2017, gab da ƙarfe 12, jiniyoyi 156 da birnin Dalas na Amurka ya kafa don gargaɗin jama'a idan guguwa ta taso suka kama kuka gaba ɗaya, sama kuwa garau. Sun yi ta yi fiye da awa ɗaya, mutane suka firgita, dubbai suka yi ta buga lambar neman agaji har masu bukatar gaske suka sha wahalar samun layi. Hukumomin birnin sun bayyana cewa ta saƙon rediyo aka tayar da jiniyoyin, kuma bayan abin ya faru ne aka ƙara wa tsarin kariya.

Haka nan a watan Agusta na 2023, jiragen ƙasa fiye da 20 suka tsaya cik a ƙasar Folan. Jiragen suna da wani tsari na gaggawa wanda da zarar rediyon jirgi ya ji wasu sautuka uku a jere, birki zai kama da kansa. An yi shi ne don ceton rai, amma ba a kulle shi da komai ba, don haka duk mai ƙaramin rediyo da ya san sautukan yana iya tsayar da jirgi. An kama mutum biyu a kan lamarin.

Hanyoyin da ɓarna ke shigowa

Idan muka tattara abin da masana suka gano, za mu ga hanyoyin ba su da wuyar fahimta. Ta farko ita ce saurare. Mutum ya zauna kusa da ma'aikata da na'urarsa yana naɗar abin da ma'aunai ke faɗa, har ya san lokacin da tanki ke cika da lambar kowace tasha. Ta biyu ita ce kwaikwayo, irin na Boden. Wani lokaci ma mai kutsen ba ya bukatar ya fahimci saƙon. Ya isa ya naɗi umarnin "buɗe bawul" yau kamar yadda ake naɗar murya a kaset, gobe da tsakar dare ya sake kunna shi.

Ta uku ita ce hayaniya. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana kusa da injin niƙa ya san yadda ƙara ke cinye murya. Haka mai ɓarna kan cika tashar rediyon da ƙara har saƙon ma'auni ya kasa isa. Akwai ma wanda zai yi ta tayar da ma'aunin da saƙonnin banza don kada ya huta, batirin da aka yi don shekaru ya ƙare da wuri. Ta huɗu ita ce ɗauke ma'aunin kansa, domin da yawansu a daji suke ko a gefen hanya, kuma wanda ya ƙware yana iya buɗe shi ya nemi sirrin da ke ciki.

Mafi muni a cikin duka ita ce a sa allo ya yi wa ma'aikaci ƙarya. A 2010 aka gano wata ƙwayar cutar kwamfuta da aka sa wa suna Stuxnet, wadda ta shiga ma'aikatar tace yuraniyom ta Natanz a ƙasar Iran. Tana sauya gudun injina har su lalace, a lokaci guda kuma tana nuna wa masu kula cewa komai daidai yake. An ƙiyasta injina kimanin 1,000 ne suka lalace. Ita ba ta rediyo ta shiga ba, amma darasinta ya shafi kowane ma'auni: ma'aikacin da ke ɗakin kula ba ya ganin ruwa ko wuta da idonsa, lambobi kawai yake gani, kuma wanda ya mallaki lambobin ya mallaki hukuncin da zai yanke.

Maganin da aka samo

Masana ba su naɗe hannu ba. A 2007 aka fito da wani tsari na ma'aunai marasa waya mai suna WirelessHART, a 2009 kuma wani mai suna ISA100.11a, dukkansu an gina su da tsaro tun daga tushe. Za mu iya kwatanta dabarunsu da abubuwan da muka sani.

Na ɗaya, zaurance. Kamar yadda 'yan mata kan juya magana don kada wanda ba nasu ba ya gane, haka ma'auni ke juya saƙonsa kafin ya aika, sai mai mabuɗi kaɗai zai warware. Mabuɗin wata lamba ce, kuma a tsarin AES da suke amfani da shi yawan mabuɗan da za su iya kasancewa adadi ne mai lambobi 39 a jere, wanda ba a gama gwada su ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, hatimi. Kowane saƙo yana ɗauke da wata alama da ke tabbatar da wanda ya aiko shi da kuma cewa ba a taɓa shi a hanya ba, kamar takardar sarki. Na uku, kowane saƙo yana da lambar jeri kamar rasit, don haka wanda aka naɗa jiya aka sake kunnawa yau za a ƙi karɓarsa. Na huɗu, ma'aunan ba sa zama a tasha ɗaya. Suna tsalle daga wannan zuwa waccan sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, abin da ke wahalar da mai hayaniya. Sannan sabon ma'auni ba ya shiga cikin sahu sai ya nuna mabuɗin shiga a zaure.

Da irin wannan tsari ne a Maroochy, da lamba 14 kaɗai ba ta ishi mai kutse ba. Sai dai injinan ma'aikatu ba kamar wayar hannu ba ne da ake sauyawa bayan shekara biyu. Sukan yi shekara 20 ko fiye suna aiki, saboda haka sabo da tsoho a gauraye suke, kuma sau da yawa saƙon da ya taho a kulle yakan koma tsohon harshe marar kariya da zarar ya wuce zaure.

Mabuɗi a hannun mutum yake

Komai kyan kwaɗo, idan an bar ɗan mabuɗi a jikinsa aikin banza ne. A watan Nuwamba na 2023 masu kutse suka shiga wata na'urar sarrafa matsin ruwa a garin Aliquippa na jihar Fensilbeniya a Amurka. Hukumar tsaron intanet ta ƙasar ta yi gargaɗi a lokacin cewa irin waɗannan na'urori suna fitowa daga kamfani da lambar sirri 1111, kuma wurare da dama ba su sauya ta ba. Abin da ya taimaki garin shi ne ma'aikata sun kashe na'urar sun koma aiki da hannu, ruwan jama'a bai gurɓata ba.

Haka ya faru a ƙasar Yukiren ranar 23 ga Disamba, 2015, cikin tsananin sanyi, lokacin da masu kutse suka yanke wa gidaje da wuraren sana'a kimanin 225,000 wuta. Sun fara shiga ne watanni kafin ranar, ta hanyar wasiƙun imel na yaudara da ma'aikata suka buɗe. Amma cikin awa 6 wuta ta dawo, domin injiniyoyi sun shiga mota sun tafi tashoshin sun mayar da ita da hannu. Ilimin tsofaffin ma'aikata, wanda wasu ke ganin zamani ya wuce shi, shi ne ya fitar da su kunya.

To, ina ruwanmu?

Ruwanmu kuwa a ciki dumu-dumu. Mutanen Ankara daga Weija da Kpong suke shan ruwa, na Kumasi daga Barekese, na Tamale daga Dalun. Madatsar Akosombo tana ba mu wuta tun 1965, ga bututun gas mai tsawon kilomita 678 da ya taso daga Nijeriya ya bi ta teku zuwa Takoradi, ga ma'adinan zinariya a Obuasi da Tarkwa. Ayyuka irin waɗannan a duk duniya na'ura ce ke ƙara karɓar ragamarsu. Kuma mun sani idan famfo ya ɗauke, unguwannin da jama'a suka yi cunkoso irin zangunanmu su ne kan fara ji a jika, domin mai hali yana da tanki da janareta.

Gwamnatin Gana ta kafa dokar tsaron intanet mai lamba 1038 a 2020, wadda ta haifar da hukumar kula da wannan fanni, kuma a 2021 aka ware sassa 13 a matsayin masu muhimmanci ga rayuwar ƙasa, ciki har da ruwa, makamashi, lafiya, sufuri da ma'adinai. Dokar ta wajabta wa masu irin waɗannan wurare su kai rahoton kutse cikin awa 24. Wannan mataki ne mai kyau, amma doka a takarda take, mutane ne ke aiki da ita, kuma a nan muke da namu rabon.

Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu masu gadi ne a ma'aikatu. Su sani cewa motar da ta saba tsayawa a bayan katanga da dare, da mutum a ciki riƙe da kwamfuta da eriya, abin kai rahoto ce ko da bai taɓa ƙofa ba. Masu sana'ar gwangwan kuma, idan aka kawo muku ƙaramin akwati mai eriya, ko batir da farantin sola da aka ɓalle daga jikin bututu ko turken wuta, kada ku saya. Kuɗin ƙarfensa kaɗan ne, amma cire shi yana iya makantar da masu kula da ruwan gari guda. Waɗanda ke riƙe da kwamitin rijiyar burtsatse ko wata ƙaramar ma'aikata mai na'urar da ake sarrafawa daga nesa, su sauya lambar sirrin da ta zo da ita, su sake sauyawa duk ranar da wanda ya san ta ya bar aiki, su kuma sallami ma'aikaci da mutunci da haƙƙinsa. Sannan a tabbata akwai wanda ya iya tafiyar da injin da hannu.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye da matasa. Wannan fanni yana bukatar mutanen da suka haɗa sanin lantarki da injina da kwamfuta, kuma irinsu ba su da yawa ko a ƙasashen da suka ci gaba. Yaron da ke kwance rediyo yana mayarwa, ko yarinyar da lissafi ke yi wa daɗi, a tura su makarantun koyon sana'a da jami'o'in fasaha, a tsaya musu har su gama. Masu iya magana sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mutanen Maroochy sai da ƙazanta ta malala a ƙofar gidajensu kafin suka koyi wannan darasi, mu kuwa ga shi mun same shi a araha.